Adasar da Za Ki Shiga Teku da Ita

Manfuha, Riyad

Zuwa ga uwata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki lafiya a hannun Gwaggonki Hajara a Takoradi ta ƙasar Gana, Ya tsare ki a tudu, Ya tsare ki a ruwa. Ki gaishe min da ita da maigidanta da yaran duka.

Na san da a ce da Larabci na rubuta, da kin karance ta kafin shayinki ya huce. Da gangan na yi da Hausa don ki bi ta a hankali, kina tsayawa kina tambayar Gwaggo ma'anar wata kalmar. Kin kuma san halina, ba na iya doguwar magana a gabanki. Sunan mahaifiyata gare ki, in na ɗago kai zan yi miki faɗa sai kunya ta kama ni, in ɓuge da tambayarki ko kin ci abinci.

Bari in fara da ranar da muka je shagon kyamarori, ni da ke da Mamanki. Kin tuna muna shiga ta ja min hannun riga ta ce, "Baban Ummi, ni fa tun daga gida nake jin adasa, adasa. Adas ɗin da muke miya da shi ne za a zo saye har nan?" Kika yi dariya har kina riƙe ciki, kika ce, "Mama, adasa gilashin gaban kyamara ne, idonta ke nan." Ta ce, "To ku ce ido mana, ku huta."

Mai shago ya fito da guda biyu. Ɗaya doguwa kamar taɓarya, ɗaya gajera mai tudun fuska. Mamanki ba ta tambayi komai ba sai abu ɗaya: "Wacce ce ba sai an shiga ruwa ba?" Ya nuna doguwar. Ta ce, "Halas, shi ke nan, ita za a ɗauka." Sai kika juyo kika kalle ni kika ce, "Abba, da kai ne, wacce za ka ɗauka?" Na kalli ƙasa na ce, "Doguwar tana da kyau." Kika ce, "To, Abba," kika rungumi kwalin, muka kama hanyar gida.

Ba ƙarya na yi miki ba, tana da kyau. Sai dai ba ita ce amsar tambayarki ba. Ƙungiyar 'yan matan nan masu hawan igiyar ruwa ba don ki tsaya a bakin gaɓa suka kira ki ba. Masu tsayawa a gaɓa suna da su. Mace suke so da za ta shiga ruwa tare da su, don iyayensu sun fi natsuwa da haka. Da doguwar adasa kaɗai ba za ki iya aikin da kika tafi yi ba, kuma na san da haka lokacin da nake kallon ƙasa. Shi ya sa na zauna rubuta miki abin da na sani, ko da yake yawancinsa kurakuraina ne.

Ke kin taso kin ganni a istudiyo ina ɗaukar hotunan iƙama, wato takardar izinin zama, da na fasfo, ina ce wa mutane, "Ɗago haɓa, kada ka motsa." Kafin wannan, lokacin da na baro Damagaram ina saurayi, a bakin tekun da kike yanzu nake yawo da kyamara ina ɗaukar masu zuwa shan iska. Nan na fara ganin masu hawan allo a kan igiyar ruwa, wadda mu Hausawa muke ce wa raƙumin ruwa. Kina ƙarama kin taɓa tambayata, "Abba, ina tozonsa?" Yanzu za ki gani da idonki, yana da tozo, kuma ba ya durƙusawa kowa.

Kuskurena na farko shi ne irin wanda na so in sa ki yi. Na tsaya a kan yashi da doguwar adasa na ɗauki masu allon, na kai aka wanke, na kawo musu ina murna. Ɗaya daga cikinsu ya jujjuya hotunan ya ce, "Mai hoto, wannan baƙin ɗigon ni ne ko kwakwa ce ruwa ya ɗauko?" Suka bushe da dariya. Daga baya na iya cika hoton da mutum, amma duk da haka hoton na wanda ya tsaya daga nesa ne. Mai kallo ba ya jin sanyin ruwan. Da na samu akwatin da ake rufe kyamara a ciki don shiga ruwa, a hannun wani baƙo da zai koma ƙasarsu, sai na yi wautar cusa mafi tsawon adasar da akwatin zai ɗauka. Ruwa yana ɗaga ni yana sauke ni, ina neman mutum a cikin kyamara ina ganin sama, ina ganin kumfa. Na cinye fim guda a kan gajimare.

To ki riƙe wannan. Doguwar ta tudu ce. Ki yi aiki da ita ranar da teku ya yi fushi, ko ranar da jikinki ba ya so, kuma kada ki ji kunyar irin wannan ranar. Amma in za ki shiga ruwa, ki fara da 'yar matsakaiciyar nan da kike aiki da ita tun kina makaranta, mai lamba hamsin, wadda take gani kamar yadda idon mutum yake gani. Da ita za ki tsaya a gefe, inda ruwa ke da zurfi kuma igiya ba ta fashewa, ki samu fuskar yarinya sarai ba tare da kin shiga gabanta ba. Ba ta da nauyi, shafaffen gilashin gaban akwatinki ya ishe ta. Ki daɗe a kanta. Kada ganin hotunan wasu a waya ya sa ki gaggawa.

Gajerar nan mai tudun fuska kuwa, wadda kuke ce wa ainus samaka, mu kuma idon kifi, ita ce take shiga cikin cikin igiya, ta kwaso rufin ruwan da mai allo da sama gaba ɗaya. Ita kike so, na gani a idonki. Ni ma ita na so. Amma makaryaciya ce, uwata. Abin da yake kusa sai ta nuna miki shi can nesa. Ranar farko da na shiga da ita na manna ido a kyamara ina jiran mai allo ya matso, ina cewa a raina da saura. Da na ɗago kai sai ga bakin allon a gaban hancina. Na nutse, ya bi ta kaina, ƙarfen ƙasansa ya tsaga min riga daga kafaɗa zuwa baya. Mutumin ya dawo yana haki yana cewa, "Kai mai hoto, mutuwa kake so ka ɗauka?" Da idon kifi ba a leƙa kyamara. Hannu ake miƙawa da ita, idanu biyu kuma suna kan allo. Kuma kafin ku shiga ki zauna da yarinyar da za ki ɗauka ku yi magana, ta san inda za ki tsaya, ki san ta inda za ta bi. Ki sa hular kwano ko da sauran za su yi miki dariya. Dariyar ba ta wuce kwana biyu.

Yanzu maganar akwati. Duk girmansa da ƙarfinsa, rayuwarsa tana kan siririn zoben robar nan da ke zagaye da murfi. An ce min a riƙa shafa masa mai. Ni kuma ɗan Damagaram, man da na sani shi ne basilin ɗin da muke shafa wa kaushi. Na lafta masa ina ganin na yi masa gata. A hankali robar ta kumbura ta saki, ban lura ba. Ran nan ina tsakiyar ruwa sai na ga wani ɗan ruwa yana rawa a cikin akwatin, yana lasar gindin kyamara. Na ɗaga ta sama kamar mai ɗauke da jariri a ambaliya, na yi ta bugun ƙafa har gaɓa. Kyamarar ba ta tashi ba. Zoben yana da nasa man na musamman, yana cikin ƙaramin bututun da ya zo da akwatinki, kuma ɗan kaɗan ake sawa, ya yi sheƙi kawai. Ki duba shi a wuri mai haske duk lokacin da za ki rufe. Ƙwayar yashi ɗaya, ko silin gashi ɗaya, ko zaren mayafi, ya isa ya buɗe wa teku ƙofa. Ke kuma ga gashi Allah Ya ba ki irin na mai sunanki, don haka ki ɗaure kanki kafin ki taɓa murfin. A ɗaki za ki rufe, ba a kan yashi ba. Duk ranar da kika canja wani abu a jikin akwatin, ki fara tsoma shi a bokiti babu kyamara, da 'yar takarda a ciki, ki ga ko za ta jiƙe. Ƙananan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, waɗanda Mamanki take zubarwa tana cewa guba ne, ki jefa ɗaya a cikin akwatin, yana shanye gumin da ke rufe gilashi. In kin fito kuma ki wanke komai da ruwan daɗi kafin ki wanke kanki.

Akwai wani ƙaramin abin kunya da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na taɓa yin iyo har bayan inda igiya ke fashewa, na gyara tsayuwa, na ɗaga kyamara, sai duhu. Na bar murfin adasa a kanta na kulle akwati. Haka na juyo. Da masu allon suka tambaye ni na ce hasken ne bai yi min ba. Kafin ki kulle, ki ɗauki hoto ɗaya na bango, ki duba batir, ki duba kati, ki saita saurin ɗauka. Abin da kika manta a ɗaki ba ya gyaruwa a ruwa.

Sai maganar da na san za ki yatsine fuska. Ɗigon ruwa yana maƙalewa a gilashin gaba ya ɓata hoto, kuma maganinsa yawu ne. Ƙoƙon gilashin da ake sa wa idon kifi, lasarsa ake yi, sai ruwa ya kwanta a kansa sumul maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo. Na saba da haka har ba na sanin ina yi. Wata rana da azumi a bakina na tsinci harshena a kan gilashi, gishiri ya cika min baki. Hankalina ya tashi, na fito na nufi wurin limamin zangonmu ko kayan ban canja ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam Sani, ka haɗiye?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To ni dai tunda nake ba a taɓa kawo min fatawar mai lasar kwalba ba." Ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya ce, "Yatsa fa? Allah bai ba ka yatsa ba?" Na rama wannan azumin don raina ya kwanta. Tun daga nan nake tofawa a gilashin tun a gida, in murza da yatsa, in bari ya bushe. In an shiga ruwa sai a tsoma shi a ɗago dab da za a ɗauka. Amma ki wanke hannu tukuna. Man turaren udun nan da kike shafawa, da man gashi, su ne abokan gabar gilashi. In kuma azumi ya zo, shawarata ki koma wa doguwar adasarki ki zauna a inuwa. Teku yana ba mutum ruwa ko bai roƙa ba.

Kin iya iyo, ban musa ba. Ni nake kai ki wurin iyon mata na unguwar Shifa in zauna a mota ina jiranki, kuma na ga yadda kike yi a Jidda. Amma wurin iyo yana da bango ta kowane gefe, tekun Jidda kuma mai haƙuri ne. Wannan ba haka yake ba. Ni a tafkin bayan garinmu na koya, na shiga teku da ƙafafuna tsirara ina taƙama, ruwa ya ja ni waje ina bugawa ina nan inda nake, sai da wani masunci ya yi min ihu yana nuni da hannu cewa in yi gefe. In ruwa ya ja ki, kada ki yi kokawa da shi gaba da gaba. Ki bi gefe har ya sake ki. Ki samu takalmin iyo irin na ƙafar agwagwa, gajere mai tauri, wanda ya kama ki daidai, ki ɗaure shi a idon sawu don igiya tana tuɓe shi. Hannunki ɗaya na kyamara ne, ƙafafunki ne kaɗai naki. Kayan iyonki su rufe ki yadda ya kamata, amma kada su zama masu yalwa. Abayar Riyad da dogon hijabi in sun sha ruwa sai su naɗe mutum. Kada ki sa fil ko ɗaya a ɗankwalin iyo. Kuma kwanakin farko ki shiga hannu rabbana, babu kyamara, ki bar ruwan ya juya ki ya wanke ki har ki san halinsa. Kada ki taɓa shiga ke kaɗai.

Saura tabon girata. Kina yarinya kina son ki sa yatsa a kai ki ce, "Abba, wa ya cije ka?" in ce miki raƙumi ne. Ga yadda aka yi. Tsoron kada ruwa ya ƙwace min akwati ya sa na ɗaure shi a wuyan hannuna da igiya, na yi masa irin zargen da muke ɗaure akuya da shi, wanda in an ja sai ya ƙara shaƙewa. Wata babbar igiya ta fashe a kaina, ta fizgi akwatin ta yi ƙasa da shi, ni kuma ina biye kamar akuyar. Maimakon in nemi sama da hannuwana, sai na kai ɗayan hannun ma ina kare kyamara. Da ruwan ya sake shi, akwatin ya dawo da ƙarfi ya same ni a gira. Masu allo ne suka ɗora ni a kan allonsu suka fito da ni.

Gwaggonki ce ta zauna da ni a asibiti ana ɗinke ni. Ki tambaye ta, ba ta manta ba. Tana kuka tana zagina a lokaci guda: "Sani, jikan masu raƙuma, na tudun ne ba su ishe ka ba? In ka mutu me zan ce wa Inna? In kai mata kyamara in ce ga ɗanki?" Na buɗe baki na ce, "Yaya, kyamarar dai ba ta fashe ba ko?" Ta ɗaga hannu za ta make ni, sai ta ga babu wurin da ya rage, ta sauke. Bayan nan ban daɗe ba na bar teku, hanya ta kawo ni nan. Igiyar hannun da za ki sa ta zama irin wadda ake ɓallewa da ja ɗaya. Ki koyi ɓalle ta ido a rufe, a cikin ɗaki, har hannunki ya haddace.

Yanzu ki ajiye takardar nan ki buɗe jakar da Mamanki ta zuba miki dabino da yaji. A can ƙasa akwai tsohuwar hulata a naɗe. Adasata ta idon kifi ce a ciki, wadda ta ga duk abin da na ba ki labari. Na kai an goge ta, na samo zoben da zai haɗa ta da kyamararki, ƙoƙon gilashinta kuma yana cikin tawul ɗin da kika ce ya yi miki nauyi. Kada ki zaci a ɓoye na yi. Bayan mun dawo daga shago Mamanki ta same ni na fito da ita ina juyawa a hannu, ta tsaya a kaina ta ce, "Ita ce ta shiga ruwan?" Na ce ita ce. Sai ta ce, "Na ga fuskar yarinyar nan a mota. In ba ka ba ta taka ba, za ta je can ta sayi wata, kuma waccan ba za ta zo da wasiƙa ba. Ka zauna ka rubuta mata duk wautar da ka yi, kada ka rage ko ɗaya." Ita ta naɗe ta da hannunta. Tana naɗewa tana cewa, "Wannan ɗan adas ɗin ne zai hana ni barci."

Wannan ita ce amsar tambayar da kika yi min a shago. Da ni ne, ita zan ɗauka. Ban sa miki ranar da za ki fara aiki da ita ba, ke za ki sani, ranar da kika daina jin tsoron ruwan kuma ba ki fara raina shi ba. In kin ɗauki na farko ki turo min, zan wanke shi babba in rataye a istudiyo, masu zuwa hoton iƙama su riƙa tambaya ina ba su labari.

Abu ɗaya nake roƙonki, kuma ba a matsayin mai hoto ba. Duk ranar da teku ya nemi kyamarar nan, ki ɓalle igiya ki ba shi, da akwatin da adasar da hoton da ke ciki, kome kyansa. Kada ki tuna cewa tawa ce. Adasa akwai ta a shago, na san hanya. Uwa kuwa na riga na binne ɗaya a Damagaram, ke kaɗai kika rage min.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki shiga da bismillah ki fito da hamdala. Ya kare ki daga sharrin abin da ke cikin ruwa da abin da ke bakinsa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ji maganar Gwaggo ko da ta haɗa da zagi. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki ci dabinon kafin ya bushe.

Wassalam.

Naki har kullum,
Abbanki